KAFIN A TA DA KANGO, A FARA AUNA SHI

Babu ɗan kasuwar da zai shiga kasuwar Dole ta Damagaram ya biya kuɗin buhun hatsi bai zura hannu ciki ba, bai kuma san tiya nawa ke cikinsa ba. Haka dillalin dabbobi a kasuwar Tanut ba ya yanke wa raƙumi farashi sai ya duba haƙoransa, ya tashe shi ya ga tafiyarsa. Wannan ƙa'ida ce da kowa ya koya tun yana yaron shago. Abin mamaki shi ne, da zarar an zo maganar masana'antun da suka mutu a biranen ƙasar nan, sai a ajiye tiya da sikeli gefe guda, a shiga cinikin biri a sama. A yi alkawarin sake buɗe wannan, a yi alkawarin farfaɗo da waccan, ba tare da an gaya wa jama'a abin da ya kashe ta ba, balle abin da zai hana ta sake mutuwa. Filin wannan mako zai duba kayan awon da masu tsara birane ke aiki da su kafin su zuba kuɗi a unguwar masana'antu da ta durƙushe, da kuma dalilin da ya sa maganar ta shafi har makiyayin Tenhya, wanda bai taɓa taka ƙofar masana'anta ba.

ABIN DA YA MUTU DA ABIN DA YA KASHE SHI

Dattawan jihar Damagaram ba su manta da zamanin gyaɗa ba. A shekarar 1962 aka kafa kamfanin SONARA, aka ba shi shi kaɗai ikon fitar da gyaɗar ƙasa zuwa waje. A bayansa akwai masana'antun matse mai: SICONIGER a Maraɗi, SHN a Matamaye, SEPANI a Magarya. A cikin birnin Damagaram kuwa akwai SOTRAMIL mai sarrafa hatsi zuwa gari da taliya, da majemar SOTAPO mai aikin fatu. Kowace ɗaya tana da ma'aikatanta masu albashi, kuma a bakin ƙofarta akwai masu tuwo, masu amalanke, masu gyaran kamiyo da masu ba da hayar ɗaki, waɗanda sunansu ba ya cikin littafin kamfani amma da shi suke ci.

Ba rana ɗaya abin ya rushe ba. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, cutar da ta afka wa gonaki a 1975 ta ƙarasa abin da ya saura, manoma suka koma ga hatsi da wake. Injin matse mai ya wayi gari ba abin da zai matsa. Daga 1986 kuma, lokacin da Najeriya ta karya darajar naira, kayan Kano suka cika kasuwannin kan iyaka da arahar da babu masana'antar gida da za ta iya ja da ita. Bankin BDRN, wanda yawancin kamfanonin ƙasa ke jingine da shi, ya rufe a 1990. Karya darajar sefa ta watan Janairu 1994 ta sauƙaƙa sayar da dabbobi a waje, amma ta ninka kuɗin kayan gyaran inji da ake sayowa daga Turai.

Wato dai masana'antun nan ba ciwo ɗaya ya kwantar da su ba. Wata kayan aiki ta rasa, wata kasuwa ta rasa, wata bashi ya shaƙe ta, wata kuma rashin iya riƙo ne. Likitan da ya ba majiyyata huɗu magani ɗaya bai duba kowa ba, ai ba a kira shi likita. Wannan shi ne dalilin farko na awo.

DARASIN AKOKAN

Wanda ke ganin wannan tsohon labari ne, sai ya bi hanyar da ta ratsa Tanut ta nufi Agadas, ya wuce har Arlit. A watan Oktoba 2019 aka ba da sanarwar rufe mahaƙar uraniyom ta COMINAK da ke Akokan, ranar 31 ga Maris 2021 kuma aka tsayar da aiki, bayan shekara fiye da arba'in ana haƙa tun 1978. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan masu aiki ƙarƙashin ƴan kwangila, waɗanda suka yi ta kukan ba a yi musu sallama irin ta ƴan kamfani ba. An bayyana ware sefa miliyar 95 domin gyaran wurin, kuma babban aikin shi ne rufe tarin dusar dutse mai guba da ta kai kimanin tan miliyan 20.

Akokan gari ne da kamfani ya haifa. Gidaje, asibiti, ruwa da wuta, duk a jikinsa suke rataye. Tun kafin rufewar, ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa sun sha nuna cewa ƙarafan da suka fito daga mahaƙa suna shiga kasuwa da gidajen mutane ɗauke da guba, a 2009 kuma Greenpeace ta auna titunan Akokan ta tarar da wuraren da gubar ta wuce ƙima. Duk mai son ya ta da irin wannan gari dole ya fara sanin inda za a iya gini da inda ba za a iya ba, ruwan da za a sha da wanda ba za a sha ba.

Akwai kuma wani lissafin da ba a cika yi ba. Albashin Arlit da Akokan ba a can yake ƙarewa ba. Damargu ta daɗe tana ciyar da arewa, tun zamanin ayari. Hatsin Gangara da na Tarka, da ragunan da ake kiwo a dajin Tenhya, wani kasonsu a tukunyar ma'aikatan mahaƙa yake sauka. Ranar da albashi ɗari shida ya tsaya a Akokan, an rage wa kasuwannin Damargu masu saye, ko da yake ba wanda ya aiko musu da takardar sallama.

KAYAN AWO GUDA BIYAR

Ƙasashen da suka riga shiga wannan hali sun ƙera wa kansu ma'aunai. A arewacin Faransa, inda rijiyar kwal ta ƙarshe ta rufe a Oignies cikin Disamba 1990, a wannan watan ne aka kafa hukuma ta musamman mai sayen filayen masana'antun da suka mutu, ta tsabtace su kafin ta miƙa wa garuruwa. Daga baya gwamnatin ƙasar ta buɗe kundin BASIAS, inda aka riƙa rubuta wuraren da aka taɓa yin masana'anta. A yankin Ruhr na Jamus an ɗauki shekara goma, daga 1989 zuwa 1999, ana gyaran kwarin Emscher bisa tsari ɗaya. Kuɗinsu ba irin na Nijar ba ne, amma tambayoyin da suka yi ba su da tsada, kuma ana iya yin su da Hausa.

Na farko shi ne kundin kangaye. A bi unguwa unguwa a rubuta kowane fili: faɗinsa, ginin da ya saura, injin da ke ciki, wanda ke da takardarsa, da bashin da ke kansa. Da yawan kamfanonin da aka sayar ko aka rushe a shekarun gyaran tattalin arziki sun bar filaye da mallakarsu ta cukurkuɗe tsakanin gwamnati, banki da magada. Ɗan kasuwar da ya zuba miliyoyinsa a filin da ake shari'a kansa ya sayi rigima da kuɗinsa. Wannan aiki ba ya bukatar baƙo daga waje. Ɗaliban sashen labarin ƙasa na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da ma'aikatan filaye da taswira, sun isa su gama shi.

Na biyu shi ne gwajin ƙasa da ruwa. Majemar zamani da sinadarin kurom take aiki, kuma ba ya tashi daga ƙasa don an kulle ƙofa. Kano ta ishi kowa misali: ruwan dattin majemun Sharaɗa da Challawa ya daɗe yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bi ta Getsi ya faɗa Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa da shi. Kafin a mai da tsohuwar majema lakwal ko gidajen kwana, sai an haƙa an ɗebi ƙasa an kai ɗakin bincike. Doka ma ta tanadi haka: akwai dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998, akwai ta 14 ga Mayu 2018 kan binciken tasirin ayyuka, akwai kuma hukumar BNEE da aka ɗora wa wannan nauyi. Abin da ya rage shi ne a yi aiki da su kan kangayen da ke nan, kada a tsaya ga sababbin ayyuka kaɗai.

Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci ga mutanen Damargu, shi ne bin sawun kaya tun daga tushe. Za a dawo kansa nan gaba kaɗan.

Na huɗu shi ne lissafin riba da hasara na jama'a, wanda ya bambanta da na mai kamfani. A ɗauka, don misali kawai, an kashe sefa miliyar 1 wajen ta da wata masana'anta, ta ɗauki mutum 100. Kowane aiki ya tashi kan miliyan 10. Sai a tambaya: da an sa wannan kuɗi wajen gyaran mahauta, ko rumfunan shanya fatu, ko rumbun abincin dabbobi, mutum nawa za su ci? A cikin wannan lissafi ake sa lanfo da kuɗin duwan da gwamnati za ta yafe wa mai zuba jari, domin yafewar ma kashe kuɗi ne, ko da ba a ga fitarsa daga baitulmali ba. A cikinsa kuma ake sa kuɗin wuta da ruwa. Damagaram da Maraɗi sun daɗe suna dogaro da layin lantarkin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agusta 2023 da Najeriya ta katse wutar, ba ta maido ba sai a 2024. Ruwa kuwa, birnin Damagaram kan dutse yake zaune, daga Gogo da Machaya da rijiyoyin arewa ake jawo masa abin sha. Majema mai haɗiye ruwa ce. Duk tsarin da bai faɗi inda za ta samo shi ba, ba tare da ta ƙwace na famfon unguwa ba, takarda ce kawai.

Na biyar shi ne sikelin maki. Sau da yawa kango ɗaya yana da hanyoyi uku ko huɗu: a maido da shi aikinsa na da, a mai da shi ma'ajiyar kaya, a ba masu sana'ar hannu su raba, ko a rushe a yi tasha. Sai a jera tambayoyi, kamar yawan aikin yi, bukatar ruwa, haɗari ga lafiya, kuɗin gyara da amfanin da manoma da makiyaya za su samu, a ba kowace hanya maki daga 1 zuwa 5 kan kowace tambaya, a tara. Wayon wannan ma'auni yana wajen nauyin da aka ba kowace tambaya. Idan an ninka makin ruwa sau biyu, wata hanya ce za ta yi nasara. Idan makin aikin yi aka ninka, wata ce daban. Saboda haka wanda ya sa nauyin shi ne ya yanke hukunci tun kafin a fara tarawa. In an bar wa ofis ɗaya a Yamai ya sa nauyin shi kaɗai, to an yi amfani da lissafi ne wajen lulluɓe ra'ayin mutum ɗaya. A bainar jama'a ya kamata a sa shi, gaban ƴan kasuwa, tsofaffin ma'aikata, mata masu sana'a, sarakuna da wakilan makiyaya.

SAWUN FATA DAGA TENHYA

Tenhya ƙaramar hukuma ce ta makiyaya a arewacin gundumar Tanut, a yankin da dokar 1961 ta keɓe wa kiwo. Ba ta da masana'anta ko ɗaya. Abin da take da shi raƙuma ne, da shanu, tumaki da awaki na Buzaye da Fulani, da rijiyoyi masu zurfi da ake jan ruwansu da dabba. Haka ma yawancin ƙasar Belbeji, wadda aka cire daga Tanut aka mai da ita gunduma a 2011. Amma duk majemar da za a ta da a Damagaram, ko masana'antar madara, ko ta nama, cikinta a irin waɗannan wurare yake.

To, mai awo sai ya bar ofis ya bi fata ɗaya daga inda aka yanka dabbar. Zai tarar da shanu da raƙuma masu tambarin wuta a jiki, wanda makiyayi ke gane dukiyarsa da shi amma yake rage darajar fata. Zai ga mahaucin da wuƙarsa ta huda kirgi wajen fiɗa, da wanda ya shanya shi a ƙasa rana ta ƙone shi. Zai ga cewa dabbobi da yawa da ƙafarsu suke ƙetare iyaka, fatarsu a jikinsu. Zai kuma ga ƴan kasuwar Najeriya suna sayen kirgin shanu da tsada don a yi ganda a ci, suna kwashe fatun awaki da tumaki zuwa majemun Kano, kuɗi hannu. Bayan ya ga wannan duka ne zai iya faɗin fata nawa majemar Damagaram za ta samu a mako, da farashin da za ta biya kafin ta samu.

Sai kuma ya sa shekarar fari cikin lissafinsa. Wanda ya ga 1984, ya ga 2005, ya ga yadda garkuna suka zube a arewacin Tanut a 2010, ya san cewa dukiyar dabba tana hawa tana sauka. A shekarar bala'i fatu na yin yawa amma marasa kyau, a shekarun da ke biye kuma su yi ƙaranci domin makiyayi na tattalin abin da ya tsira. Masana'antar da aka auna da shekarar ƙoshi kaɗai za ta bi sawun injinan gyaɗa. Ma'aikatan kiwo na gunduma suna da alƙaluman allurar rigakafi da na shigar dabbobi kasuwa. Waɗannan takardu, da ake ganin kamar ba su da wani amfani in an gama rahoton shekara, su ne farkon kayan aikin mai tsara unguwar masana'antu.

MATATA TANA AIKI, YANZU NE LOKACIN AWO

Gundumar Tanut tana da babbar masana'anta guda a ƙasarta. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe ranar 28 ga Nuwamba 2011 a ƙaramar hukumar Ollelewa, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, da ɗanyen man da bututu ke kawowa daga Agadem. An kafa ta da kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin da kashi 40 na gwamnatin Nijar. Tankoki na jerin gwano a bakinta, garuruwan kan hanya irin su Bakin Birji sun ga sauyi, masu abinci da masu haya sun samu ciniki.

Ba wanda ke yi mata fatan mutuwa. Amma mutanen Akokan ma a 1980 ba su zaci ranar rufewa ba, haka ma'aikatan masaƙun Kakuri a Kaduna, inda masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007. Rijiyar mai tana da ƙarshe kamar rijiyar uraniyom. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da masu tsari ke kira awon farko shi ne a rubuta halin da wuri ke ciki yau, domin a samu abin kwatantawa gobe. Zurfin ruwan rijiyoyin da ke kewaye da matata da tsabtarsa, faɗin makiyayar da aka rasa da burtalin da aka toshe, yawan ƴan yankin da ke aiki ciki da irin aikin da suke yi, yawan gidajen da cinsu ya rataya ga tankoki. A maimaita awon duk bayan shekara biyu ko uku. Idan ba a yi haka ba, ranar da rigima ta tashi kan gurɓatar ruwa, kamfani zai ce haka ya tarar, jama'a su ce ba haka ba ne, kuma ba mai takardar da za ta raba gardama. Dokokin ma'adinai da na man fetur sun tanadi mayar wa yankunan da abin ya shafa kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da ake samu. Hakkin mai biyan lanfo ne ya san abin da ya iso, da abin da aka gina da shi wanda zai rayu bayan mai.

NAUYIN KOWA

Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024, kantomomi ne ke riƙe da su, kuma a hannunsu kundin tsarin raya ƙaramar hukuma yake. Ba sai an jira tallafi ba kafin a ƙara masa shafi biyu: abin da yankin ke sayar wa masana'antu, da abin da zai same shi in sun tsaya. Ma'aikacin gwamnati da aka kawo wa rahoton bincike ya sa hannu, ya dace ya tambayi wanda ya je wurin da ƙafarsa, da watan da aka je, domin binciken kiwo da aka yi da kaka ba ya faɗin halin bazara. Kuma rahoton da ya kwanta cikin durowa da Faransanci bai auna komai ba. A karanta taƙaitawarsa a rediyo da Hausa da Tamajak da Fulatanci, waɗanda aka ƙirga su ji ko an ƙirga su daidai.

Alhazan kasuwa kuwa, waɗanda ake zuwa wa da tayin sayen tsohuwar masana'anta da araha, sun fi kowa sanin cewa araha ba ta ado. Kafin su miƙa ko dala, su nemi a nuna musu takardar fili, sakamakon gwajin ƙasa, da lissafin inda kayan aiki za su fito a shekarar da ruwa bai sauka ba. Wanda ya kasa kawo waɗannan, kango yake sayarwa, kuma kuɗin kango ya kamata a ba shi.

Allah ya ba shugabanni ikon aunawa kafin yankewa, ya ba makiyaya damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.